Idan Birni Ya Ishi Mutum, Ina Zai Koma?

A kowace shekara akwai magidanta da dama a Kano da sauran manyan biranen ƙasar nan da ke yanke shawarar tattara komatsansu su bar birni. Wani ma'aikaci ne da ya yi ritaya, kuɗin sallama ya shigo hannu, yana son ya gina gidan da zai ƙarasa kwanakinsa a ciki. Wani haya ce ta fi ƙarfinsa. Wani kuwa cunkoso da hayaniya da hayaƙin ababen hawa ne suka gundure shi. Babu wanda zai zarge su, domin birnin Kano kaɗai, bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya haura mutum miliyan 4. Abin da ba a cika zama a yi wa nazari ba shi ne inda za a dosa. Galibi arahar fili ce ke yanke hukunci, sai kusanci da dangi, sai kuma zaƙin bakin dillali. Ilmin halittu yana da nasa tambayoyin, kuma kusan dukkansu suna komawa ne kan ruwa: inda yake kwanciya, inda yake bi, da abin da yake ɗauke da shi.

Masana halayyar dabbobi sun daɗe da lura cewa kowace halitta tana zaɓen mazauninta ne ta hanyar duba wasu alamomi. Mazari, alal misali, yana gane ruwa ta irin ƙyallin da haske ke yi a samansa. Wannan alama ta yi masa aiki tun fil azal, har zuwa lokacin da ɗan Adam ya shimfiɗa kwalta ya kuma ƙera motoci masu sheƙi. An ga irin waɗannan ƙwari suna sauka a kan kwalta ko jikin mota suna zuba ƙwai, suna zaton tafki ne, ƙwan kuma ya bushe a banza. Masana suna kiran wannan tarkon muhalli, wato wurin da alamominsa ke nuna alheri alhali zama a cikinsa asara ce. Magidancin da ya je duba fili a watan Fabrairu, ya tarar da shi a bushe, a shimfiɗe, ga iska mai daɗi, ga araha, yana iya faɗawa irin wannan tarko, domin a ƙasar Hausa wuri ɗaya fuska biyu gare shi, kuma ta rani ce kawai dillali ke nunawa.

Abubuwan da ake gudu a birni gaskiya ne. Cunkoso a ɗakunan da ba su da isasshiyar iska yana sauƙaƙa yaɗuwar tarin fuka da ƙyanda da sanƙarau. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000. Ruwan da ke fitowa daga masana'antun Bomfai da Sharaɗa da Chalawa, musamman na jima, yakan ɗauko sinadarai irin su kuromiyam ya zuba a rafuka, kuma da ruwan kogin Jakara ake ban-ruwan wasu lambunan da ke ciyar da kasuwannin birnin. Gine-ginen siminti da kwalta suna shan zafin rana su riƙe, su sake shi da dare, shi ya sa daren bazara a tsakiyar birni ya fi na karkara ƙunci. Duk wannan haka yake. Sai dai wanda ya bar birni musanya ya yi: ya ajiye wasu cututtuka ya ɗauki wasu, kuma ya kamata ya san abin da zai ɗauka.

Sauron birni da sauron karkara

Mutumin birni yakan ce ai ba abin da sauron ƙauye zai nuna masa, tunda da kukan sauro yake kwana. Nan akwai kuskuren fahimta. Mafi yawan sauron da ke hana barci a birni na jinsin da ake kira kuleks ne, wanda ke hayayyafa a cikin ruwan kwata da lambatu da masai. Yana da cizo da damu, amma ba ya yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Mai yaɗa shi, wato anofilis, mai tsafta ne a zaɓen wurin zuba ƙwai. Ya fi son ruwan sama da ya kwanta a fili rana tana dukansa: sawun shanu, ramin da aka haƙi ƙasa, gefen gonar shinkafa, sawun tayar mota a hanyar da ba kwalta. Ƙazantar ruwan birni, duk da illolinta, tana rage masa wurin haihuwa. A lokacin zafi kwana goma ko ƙasa da haka sun ishe shi ya tashi daga ƙwai zuwa cikakken sauro, saboda haka ɗan ruwan da ya yi mako biyu bai ƙafe ba ya isa ya cika unguwa.

Alƙaluma sun tabbatar da wannan bambanci. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 13 cikin 100 na ƙananan yaran birane, amma a karkara kashi 31 ne. A jihar Legas kashi 2 ne kacal, a Kebbi kuwa kashi 52. Tun kafin wannan, ɗaya daga cikin mashahuran binciken da aka taɓa yi a duniya kan wannan cuta a ƙasar Hausa aka yi shi, a gundumar Garki da ke jihar Jigawa ta yanzu, daga 1969 zuwa 1976, bisa haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya. A wasu ƙauyukan an gano cewa mutum ɗaya yakan sha cizo mai ɗauke da cutar fiye da sau 100 a damina guda. An yi feshi a ɗakuna, an raba magani ga jama'a baki ɗaya, cutar ta ragu ƙwarai, amma ba a iya katse ta ba, kuma da aka daina sai ta dawo.

Abin da ya fi shafar mai ƙaura shi ne batun garkuwar jiki. Baligin da ya tashi a ƙauye ya sha cizo tun yana goye, ya yi ta fama da zazzaɓi har jikinsa ya koyi danne cutar, ko da yake an biya wannan garkuwa da rayukan yara da yawa. Ba ta dawwama kuma. Wanda ya yi shekara talatin a birni ya rasa wani kaso nata. Yaran da aka haifa a birni, da matan da ke da juna biyu, su ne za su fi jin jiki a damina ta farko da ta biyu. Saboda haka tambayar farko game da fili ita ce nisansa daga ruwan da ke kwanciya. Anofilis bai cika yin nisa da inda aka ƙyanƙyashe shi ba, galibi kilomita ɗaya zuwa biyu, kuma gidajen da ke bakin fadama su ne ke fara karɓar baƙuncinsa. Gida biyu a gari ɗaya, ɗaya a tudu ɗaya a gangare, suna iya bambanta sosai wajen yawan zuwa asibiti. Ya kamata a ƙara da cewa fifikon da birni ke da shi ba tabbas ne ya ɗore ba, domin a 2020 an gano wani nau'in anofilis ɗan asalin Asiya a jihar Gombe, wanda shi kam yana iya hayayyafa a tankunan ruwa na cikin gari.

Zama a bakin dam

Garuruwan da suka fi jan hankalin mai son ya yi noma bayan barin aiki su ne na yankunan noman rani. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ta mayar da ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam wurin shinkafa da tumatir da alkama, kuma arzikin da ta kawo ba abin musu ba ne. Amma ruwan da ba ya ƙafewa duk shekara ya tsawaita lokacin sauro, ya kuma samar da mazauni ga wasu ƙananan katantanwa na ruwa, waɗanda su ne masaukin tsutsar da ke haddasa tsargiya.

Yadda cutar ke zagayawa abin lura ne, domin shi ke nuna wanda ke cikin haɗari. Mai ɗauke da ita yakan yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin katantanwa su hayayyafa na wasu makonni, sa'an nan su fito dubbai suna iyo, musamman da rana tsaka, daidai lokacin da yara ke tsunduma ruwa don gudun zafi. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata suke shiga. Daga nan su girma su zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, inda za su yi shekaru suna zuba ƙwai. Ƙwan ne ke huda bangon mafitsara ya fito da jini a ƙarshen fitsari. Wani likita Bajamushe mai suna Tiyodo Bilhaz ne ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851. A wasu garuruwan cutar ta zama ruwan dare har ana ɗaukar fitsarin jini alamar balagar yaro, alhali idan ta daɗe tana iya lalata mafitsara da ƙoda, ta kuma kai ga ciwon daji. Maganin firazikwantel yana kashe tsutsar, amma ba ya hana a sake kamuwa idan yaro ya koma ruwan. Mahaifin da ya gina gida taku ɗari daga magudanar ban-ruwa, ya kuma yi zaton zai hana ɗan shekara goma shiga cikinta a watan Afrilu, bai san yara ba.

Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa

Wanda ya saba sayen ruwa wurin 'yan garuwa yakan ɗauka cewa da ya koma karkara sai ya haƙa rijiya ya huta. Wannan ya danganta da irin dutsen da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Birnin Kano da Zariya da mafi yawan ƙasar da ke kudu da yammacinsu suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda ba ya riƙe ruwa sai a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsagoginsa. Shi ya sa maƙwabci kan haƙa rijiyar burtsatse ya dace, na kusa da shi ya kashe dukiya ya tarar da ƙura. Idan aka nausa arewa maso gabas, wajen Gumel da Haɗeja har zuwa Barno, ƙasar yashi da laka ce mai kaurin gaske da ta taru a kwarin tafkin Chadi, ruwa ya fi samuwa ko da yake wani lokaci da zurfi. Tambayar masu haƙar rijiya na garin, a gaba nawa suke samun ruwa, kuma rijiyoyi nawa ne ke ƙafewa a watan Mayu, ta fi kowane alƙawarin dillali amfani.

Samun ruwa daban, ingancinsa daban. Ruwa yana iya zama garau, ba wari ba ɗanɗano, amma yana ɗauke da abin da zai cuci yaro. A yankin Langtang na jihar Filato da Kaltungo a jihar Gombe, duwatsun wurin suna sakin sinadarin fuloraid a ruwan ƙasa fiye da miligiram 1.5 a kowace lita, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, amma idan ya yi yawa sai ya rina haƙoran yaran da ke tasowa da launin ƙasa-ƙasa, ya kuma taɓa ƙashi idan an daɗe ana sha. Tafasa ruwan ba ta cire shi. Baƙon da ya tsaya a ƙofar makarantar firamare lokacin tashi ya kalli haƙoran yaran garin, ya yi rabin gwajin da za a yi masa a ɗakin bincike. Sauran rabin kuwa ya cancanci a biya kuɗinsa, domin kai kwalbar ruwa a auna ba ta kai kuɗin buhun siminti kaɗan ba.

Ƙasar ma kanta tana iya ɗauke da guba. A 2010 aka gano cewa yara aƙalla 400 sun mutu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, duwatsun kuwa cike suke da dalma. A 2015 an sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Dalma ba ta ruɓewa. Tana nan a ƙurar tsakar gida har sai an kwashe ƙasar. Duk garin da ake haƙar ma'adinai a kusa da shi, sai an tambayi inda ake niƙa da inda ake wankewa.

Abin da itatuwa ke faɗa

Ambaliya ita ce ta fi saurin tona asirin filin da aka saya da rani. Fashewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988, da ambaliyar 2022 da ta mamaye garuruwa da yawa a kwarin kogin Haɗeja, da ɓallewar madatsar Alau da ta shanye babban ɓangare na Maiduguri a watan Satumban 2024, bayan ta taɓa yin haka a 1994, duk sun nuna cewa ruwa yana komawa tsohuwar hanyarsa ko da an yi shekara talatin ba a gan shi ba. Tsirrai kuwa ba sa mantawa. Inda aka ga giyayya ta yi yawa, wurin yana shan ruwa ya kwanta a wasu watanni na shekara. Kachala ba ta tsirowa sai inda ƙasa ke jiƙe kusan kullum. Giginya da goruba sukan nuna cewa ruwan ƙasa ba shi da nisa, abin farin ciki ga mai haƙa rijiya, abin tunani ga mai haƙa masai, domin inda ruwa ke kusa nan ne ƙazantar masai ke saurin isa rijiya. Shi ya sa ake son a bar tazarar kamar mita 30 tsakaninsu. Baƙar laka mai tsagewa da rani takan kumbura da damina ta tsaga bango. Tsofaffin gari sun san duk wannan, kuma idan aka ga fili shimfiɗaɗɗe kusa da tsohon gari wanda kakanni ba su taɓa gini a kansa ba, akwai dalili.

Akwai ma garin da aka kafa kacokan bisa lissafin ilmin halittu. A ƙarshen shekarun 1930 ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya addabi ƙasar Anchau da ke lardin Zazzau. Gwamnatin mulkin mallaka ta sa aka sare kurmin bakin rafuka inda ƙudan ke fakewa, aka haƙa rijiyoyi masu siminti, aka kuma gina sabon gari mai faɗin tituna aka ba shi suna Takalafiya. An tashi mutane ne da ikon hukuma, ba da son ransu duka ba, kuma wannan ba abin koyi ba ne. Abin ɗauka a ciki shi ne tsarin tambayoyin: an fara da ƙwaro da ruwa kafin a zo kan gini.

Wasu sukan ce to a hau tudu. Jos tana kimanin mita 1,200 sama da teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba, kuma zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000. Sanyi yana jinkirta girman ƙwayar zazzaɓi a cikin sauro, saboda haka cutar takan yi sauƙi a tsaunuka, amma ba ta ɓace ba, kuma kududdufan da haƙar kuza ta bari a Filato suna riƙe ruwa duk shekara.

Bakin birni, ko matsakaicin gari?

Mafi yawan masu cewa sun bar birni ba su yi nisa ba. Gefensa suke komawa, irin sababbin unguwannin da ke tasowa a Kumbotso da Ungogo da hanyoyin Gezawa da Dawakin Kudu, inda gonaki ke rikiɗewa zuwa fulotai. Ta fuskar lafiya, irin waɗannan wurare sukan haɗa illar birni da ta karkara a shekarunsu na farko. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini suna tara tsabtataccen ruwan sama irin wanda anofilis ke so. Ba a riga an yi magudanai ba. Kowane gida yana da rijiyarsa da masansa a fili ƙarami, kuma masan wani yana jingine da rijiyar maƙwabcinsa. Ba duka unguwannin ne haka ba, amma arahar da ta jawo mutum sau da yawa ita ce alamar cewa ba a yi waɗannan ayyuka ba tukuna.

Ƙauye na can ciki kuma yana da matsalar nisa. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin sa'o'i biyu idan ba ta sami taimako ba. Yaron da zazzaɓi ya taɓa masa ƙwaƙwalwa yana buƙatar allura a ranar. Saran kububuwa, wanda ya yi yawa a ƙasar Kaltungo har aka keɓe masa asibiti a garin, yana hana jini daskarewa, kuma ba abin da ke warware shi sai allurar maganin dafi. Lokacin shuka da na girbi ne ya fi aukuwa, wato daidai lokacin da hanyoyi suka fi lalacewa. Don haka nisan asibiti ba da kilomita ake auna shi ba, da mintocin da za a yi a hanya a daren Agusta ake auna shi, sa'an nan a tambaya ko akwai wanda zai iya yin tiyata da ƙarin jini idan an isa.

Idan aka haɗa waɗannan duka, ma'auni ya fi karkata ga matsakaicin gari mai babban asibiti, kamar hedkwatar masarauta ko ta ƙaramar hukuma da ta daɗe da kafuwa, a kuma nemi unguwar da ke tudu, nesa da fadama da magudanar ban-ruwa. Tabbas akwai batun tsaro da makaranta da sana'a, waɗanda a wasu yankuna su ne za su rinjayi komai, amma waɗannan kowa ya san ya tambaya. Wanda ke da hali, gara ya kama haya ya yi damina ɗaya a garin kafin ya sa harsashi. Wanda ba shi da hali, ya je a tsakiyar Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ya taka filin da ƙafarsa, ya duba layin danshi a jikin katangun maƙwabta. Daga nan ya wuce ƙaramin asibitin garin ya tambayi ma'aikacin lafiya cututtukan da suka fi kawo masa yara, da watannin da suka fi zuwa, da unguwannin da suke fitowa.